Yadda ake shiga Hat Yai a kudancin Tailan da yadda ake zirga-zirga a cikinsa

Duk wanda yake zaune a arewacin Malesiya, karatu ne ya kai shi ko sana'a, ko kuma yana Bankok yana son gangarowa kudu, to wata rana sai hanya ta bi da shi ta Hat Yai. Garin yana cikin lardin Songkhla amma ba shi ne hedikwatar lardin ba, hedikwatar ita ce garin Songkhla da ke bakin teku kamar kilomita 30 daga nan, sai dai Hat Yai ya fi ta girma da kasuwa nesa ba kusa ba saboda a nan layin dogo ya rabu biyu, ɗaya ya yi Padang Besar bodar Malesiya, ɗayan ya yi Yala har Sungai Kolok. Na shiga garin nan ta jirgin ƙasa, na shiga ta mota, na shiga ta sama, kuma abin da na ga yana wahalar da baƙo kullum ɗaya ne, mutum ya zo da tunanin tasha ɗaya ce a garin. Ba ɗaya ba ce. Tashar jirgin ƙasa daban, babbar tashar bas daban, tashar ƙananan motoci ta biyu daban, filin jirgi can wajen gari, kuma kowacce da inda motocinta suke zuwa. In ka san wacce ƙofa ce taka tun kafin ka sauka toh ka gama rabin aikin.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka taso

Fasfo wanda ya rage masa aƙalla wata shida, da biza. Yawancin fasfunan Afirka ta Yamma sai da biza ake shiga Tailan, kuma tun farkon 2025 ta intanet ake nema, in ta fito ka buga ta a takarda kada ka dogara da wayarka kawai. Sai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawan, in fasfonka na ƙasar da ake samun cutar ne za a tambaye ka shi ko da ba daga can ka taso ba, dan haka ka sa shi cikin fasfo su zauna tare. Sai fom ɗin shiga ƙasa da suke kira TDAC wanda aka fara ranar 1 ga Mayu 2025, ana cikewa a intanet cikin kwana uku kafin ka iso, kuma kyauta ne, duk shafin da ya ce ka biya ba na gwamnati ba ne ka fita daga ciki.

Kuɗi a hannu. Kuɗinsu baht ne, takardar 20 koriya, 50 shuɗiya, 100 ja, 500 shunayya, sai 1,000. Ƙa'idar bizar yawon buɗe ido ita ce mutum ya iya nuna baht 20,000 ko kwatankwacinsa, ba kullum ake tambaya ba amma a bodar ƙasa an fi tambaya, kuma tsabar kuɗi suke son gani. Ka nemi ƙananan takardu da yawa na 20 da 100 domin direban 'yar ƙurƙura ba zai samu canjin 1,000 ba. In za ka cire a ATM da katin waje, injin yana cire baht 220 ko sama da haka a duk cirewa ɗaya, saboda haka ka cire da yawa sau ɗaya ya fi maka.

Sai takardar shaidar otal ɗin da ka kama da tikitin fita daga ƙasar, da sunan otal ɗin a rubuce da rubutun Tailan a cikin wayarka, ka ɗauki hotonsa ka ajiye. Sai manhajar Grab ta kiran tasi, da taswirar garin da ka sauke wadda za ta yi aiki ko babu data, da fawa bank, da lema ƙarama, da takalmin da ruwa ba zai lalata ba, da rigar sanyi guda ɗaya. Kada rigar sanyin ta ba ka mamaki, a waje zafi ne da gumi amma esin jirgin ƙasa da na bas ɗin dare wallahi sai ya hana ka barci.

Mataki na 1: Duba wata kafin ka sa rana

Ruwa mai ƙarfi a wannan ɓangaren yana sauka ne daga Oktoba zuwa Disamba, kuma Hat Yai a kwari yake, ruwan da ya sauko daga tuddai ta rafin U-Taphao yake bi ya wuce ta gefen gari. An yi mummunar ambaliya a Nuwamba 2000, an sake a Nuwamba 2010, an kuma sake a Nuwamba 2025. Ka ga dai duk wata ɗaya ne. In ba dole ba ni ban ba ka shawarar Nuwamba ba, in kuma dole ne toh ka kama ɗaki a bene na sama kuma ka dinga bin labarin yanayi kullum. In tsibiran yamma kake so ka wuce irin su Koh Lipe, can kuma damunarsu daga Mayu zuwa Oktoba ce, lokacin jiragen ruwa suke raguwa. Sannan ka guji hutun makarantun Malesiya da sabuwar shekarar Sinawa da bikin Songkran, sabuwar shekarar gargajiya ta Tailan, na 13 zuwa 15 ga Afrilu in ba ka riga ka kama ɗaki ba, garin cika yake taf.

Mataki na 2: Zaɓi hanyar shigowa

Daga Malesiya ta jirgin ƙasa. Wannan ita ce hanyar da na fi so kuma ita zan fi daɗewa a kai. Daga KL Sentral, babbar tashar Kuala Lumpur, ka hau ETS, jirgin ƙasa mai sauri na Malesiya, zuwa Padang Besar, awa biyar da wani abu ne, in kuma daga tsibirin Penang kake sai ka tsallaka ruwa zuwa garin Butterworth ka hau jirgin ƙasa na Komuter, wajen awa biyu. Abin da ya sa tashar Padang Besar ta yi daɗi shi ne jami'an shige da fice na ƙasashen biyu duk a gini ɗaya suke. Ka sauka, ka nemi tagar 'yan jirgin Tailan ka sayi tikitin ɗan jirgin da ke jigila zuwa Hat Yai, baht 50 na saba biya, sai ka jira a buɗe ƙofa, ka bi layi Malesiya ta buga maka hatimin fita, ka taka 'yan taku kaɗan Tailan ta buga maka na shiga, sai ga ka a kan dandamali. Jirgin tsoho ne, tagogi a buɗe, fanka na juyawa a sama, gonakin roba suna wucewa dama da hagu, kilomita 45 ne kacal kuma kusan awa ɗaya.

Kura-kurai biyu a nan. Na farko, tashoshi biyu ne masu suna Padang Besar, ta Malesiya da wata ƙarama a ɓangaren Tailan 'yan mintuna tsakaninsu, wadda ake buga hatimi ita ce ta Malesiya, in kana dawowa kada ka sauka a ta farko. Na biyu shi ne agogo, Malesiya tana gaban Tailan da awa ɗaya. Wannan ya taɓa cina, na sayi tikitin ETS na dawowa ina ganin akwai tazarar awa ɗaya da rabi tsakanin isowata da tashinsa, ashe lokacin isowar da na duba na Tailan ne, na ETS kuma na Malesiya, rabin awa ne kawai a tsakani ga layin hatimi ya kai bakin ƙofa, ina tsaye da fasfo a hannu ina kallon jirgin ta gilashi ya ja ya tafi. Tun daga ranar duk lokacin da zan rubuta sai na sa harafin ƙasar a gefensa. Wayarka ma kusa da boda za ta dinga sauya lokaci da kanta, gara ka kashe sauyin ka saita da hannu.

Ɗan jirgin nan sau kaɗan yake tashi a rana, in ka rasa shi kada ka zauna jira har yamma, ka fita ka ɗauki tasi zuwa bodar mota da ke kusa, ka yi hatimi a can, a ɓangaren Tailan akwai ƙananan motoci masu zuwa Hat Yai.

Daga Malesiya ta mota. Babbar hanya ta Bukit Kayu Hitam take bi ta faɗa Sadao, garin bakin bodar ana ce masa Dannok, daga nan zuwa Hat Yai kusan kilomita 60. Akwai bas na dare daga Kuala Lumpur da hayis daga Penang. Matsalar mai fasfo irin namu ita ce bincikenmu ya fi na sauran fasinja daɗewa, ga tebur ɗin lafiya ga tambayoyi, kuma direba ba ya son jira. Tun kafin a sauka ka gaya masa kai kana da biza za ka ɗan jima, ka ɗauki hoton lambar motar, ka riƙe jakarka a hannu, kuma ka yi sauri ka shiga gaban layi.

Daga Bankok. Jirgin sama awa ɗaya da rabi ne, amma ka duba tikitinka da kyau domin filayen jirgi biyu ne a Bankok, Don Mueang da Suvarnabhumi, kuma suna da nisa da juna sosai. Jirgin ƙasa kuma tun Janairu 2023 daga sabuwar tashar Krung Thep Aphiwat yake tashi ba tsohuwar Hua Lamphong ba, sama da kilomita 900 ne, za ka tashi da yamma ka iso da safe. Ka nemi jirgi mai lamba 31, shi ne mai sababbin taragun kwana, ka zaɓi gadon ƙasa ya fi faɗi kuma da taga, na sama fitila tana haska maka ido har gari ya waye. 'Yar'uwa in ke kaɗai ce akwai taragon mata zalla a wannan jirgin, ki nema tun wajen sayen tikiti. Gadajen suna ƙarewa da wuri, in ba ka samu ba akwai bas na dare daga tashar kudu da ake kira Sai Tai Mai. Kuma kada shekarar da ke kan tikiti ta ruɗe ka, suna ƙara 543 a kan tamu, 2568 ita ce 2025.

Mataki na 3: Minti goma na farko bayan ka sauka

Duba hatimin da aka buga maka a wurin kafin ka matsa, ka ga ranar da aka ce ka fita. Wuce wa'adi tarar baht 500 ce a kowace rana.

In a tashar jirgin ƙasa ka sauka, kana fitowa za ka ga mutane sun taso suna tambayar ina za ka, wasu direbobi ne wasu 'yan kamasho ne. Ka yi murmushi ka wuce. Akwai ranar da na biye wa wani ya ce zai kai ni tashar mota, sai ya kai ni wani ɗan ofis mai tebur ɗaya da hotunan tsibirai a bango, matar ta rubuta min rasit, bayan an jima aka ɗauke ni a babur aka kai ni ainihin tashar aka saya min tikiti a gabana da kuɗin da bai kai rabin abin da na biya ba. Abin ya min ciwo sosai, kuma har yau ana yi wa baƙi. Tsakiyar gari a gaban tashar take, titin Thammanoonvithi ya miƙe daga bakin ƙofa ya ratsa tituna uku masu suna ɗaya, Niphat Uthit 1 da 2 da 3, mutanen gari suna ce musu Sai Nueng, Sai Song, Sai Sam. Yawancin otal da masu canji a nan suke, in jakarka ba nauyi minti goma a ƙafa ya kai ka.

In a filin jirgi ne, yana kudu maso yammacin gari kamar kilomita goma da ɗoriya. Akwai tebur ɗin tasi mai tsayayyen farashi a ciki, akwai ƙaramar bas ta haɗaka, akwai Grab, mafi arha kuma ka taka zuwa wajen ajiye motoci ka hau shuɗiyar a-kori-kura mai benci biyu da suke kira songthaew, amma ita da rana take aiki kuma tana tsaye-tsaye. Akwai wurin sallah a filin, daga nan ma alhazan kudancin Tailan da yawa suke tashi.

Layin waya kuma, na kamfanin AIS ko True, da fasfo ake yin rajista, a filin jirgi ko shagunansu na cikin gari.

Mataki na 4: Yawo a cikin gari

Tuk-tuk ɗin Hat Yai ba mai ƙafa uku ba ne irin na Bankok, 'yar ƙaramar mota ce mai ƙafa huɗu da benci a baya. Iri biyu ake hawansa kuma nan ne rigima take tashi. In ka tare shi yana tafiya da mutane a ciki, haɗaka ce, kuɗi kaɗan ne kowane mutum. In ka same shi a tsaye a ƙofar otal ko tasha babu kowa, toh shata ka ɗauka. Ka yi ciniki kafin ka hau, ka ce "thao rai" wato nawa, ka sa ya nuna maka a waya ko da yatsu, kuma ka tabbatar kuɗin na mutum ɗaya ne ko na motar gaba ɗaya. Ni kafin in yi ciniki sai na buɗe Grab na ga farashin da ya nuna, da shi nake awo.

Songthaew kuma hanya ɗaya take bi kamar bas, ka ɗaga hannu ta tsaya, in za ka sauka ka danna ƙararrawar da ke rufin, ka zagaya ta taga ka biya direba. Kada ka tambaye shi ko zai kai ka wuri kaza kamar mai neman shata, sai ya mayar da kai shata. 'Yan acaba suna sanye da riga mai lamba, sun fi sauri in kai kaɗai ne ba kaya, ka nemi hular kwano. Hayar babur ban ba baƙo shawara ba sai in yana da lasin na ƙasa da ƙasa kuma ya saba tuƙi ta hagu, kuma ko za ka yi kada ka bar fasfonka jingina. A ƙafa ma ka tuna ta dama mota take fara zuwa maka in za ka tsallaka.

Kalmomi huɗu za su fisshe ka: sathani rot fai tashar jirgin ƙasa, bo kho so tashar bas, rot tu hayis, sanam bin filin jirgi. In ka iya Malayanci kuma ka gwada shi da masu hijabi da masu hula a kasuwa, da yawa suna ji.

Wurare uku ka riƙe a kai su zame maka alama. Lee Gardens Plaza, dogon bene mai otal da kantuna a tsakiyar gari, kasuwar Kim Yong da hasumiyar agogo ta arewa da shi, sai babban kantin Central a kudu maso gabas kusa da tashar bas.

Mataki na 5: Ci da sallah

Wannan bai da wahala a nan kamar wasu garuruwan Tailan domin Musulmi suna da yawa. Ka nemi tambarin halal mai siffar lu'ulu'u da rubutun Larabci a ciki, ko rumfar da mai ita take da hijabi. Soyayyar kazar Hat Yai da ake barbaɗa wa soyayyar albasa a ci da shinkafa mai danƙo yawanci Musulmi ne suke sayarwa. Kasuwar dare ta ASEAN da ke jikin tashar bas tana da rumfunan halal da yawa, haka kasuwar kan ruwa ta Khlong Hae wadda take ci Juma'a zuwa Lahadi da yamma. Cewa "mai sai mu", wato kada a sa alade, bai isa ba a shagon da ba na Musulmi ba tunda tukunya ɗaya ce da romo ɗaya. Akwai masallacin da ake kira Masjid Pakistan ba nisa da tashar jirgin ƙasa, sai babban masallacin lardi a kan hanyar Songkhla.

Mataki na 6: Fita zuwa inda za ka

Nan ne zancen ƙofofi ya dawo. Babbar tashar bas ta kusa da Central ita ce ta manyan bas na Bankok da Phuket da Krabi, kuma a nan hayis na Songkhla da Padang Besar da Dannok da Pattani da Yala suke lodi. Akwai tasha ta biyu a yammacin gari da ake kira Talat Kaset, ta hayis masu yin yamma da arewa irin su Satun da Trang da Phatthalung. Tsakanin tashoshin biyu tafiya ce mai ɗan tsawo cikin cunkoso, dan haka da daddare kafin tafiya ka sa ma'aikacin otal ya rubuta maka sunan garin da sunan tashar da rubutunsu, saboda ana sauya wurin lodi wani lokaci.

A tashar za ka ga teburori a jere kowanne da sunan gari a sama, ka nuna takardarka, a ba ka ɗan tikiti, a nuna maka benci. Wasu motocin da lokaci suke tashi wasu sai sun cika. Hayis ba ta da but, in akwatinka babba ne za a iya cewa ka saya masa kujera, ba cuta ba ce haka tsarin yake. Kuma su da wuri suke tashi daga aiki, yamma na yi motoci sun fara ƙarewa, duk tafiyar da ta wuce awa biyu ka yi ta da safe.

In Koh Lipe za ka, daga Hat Yai zuwa gaɓar Pak Bara wajen awa biyu ne, sai jirgin ruwa mai gudu kamar awa ɗaya da rabi, kuma na ƙarshe da rana tsaka zuwa la'asar yake tashi. Kada ka sauka daga jirgin sama da azahar ka ce ranar za ka kwana a tsibiri, ka kwana a Hat Yai ka kama motar farko. Songkhla kuma ba ta buƙatar shiri, ƙasa da awa ɗaya ce kuma motocinta suna bi ta hasumiyar agogo, ka je ka ga bakin tekun Samila ka dawo kafin magariba.

Pattani da Yala da Narathiwat maganarsu daban ce. Tun 2004 ake fama da rikici a can, akwai shingayen sojoji a hanya, ƙasashe da dama suna gargaɗin 'yan ƙasarsu a kan zuwa, ko Hat Yai ɗin ma an taɓa tayar da bam a ginin Lee Gardens a Maris 2012, shi ya sa za ka ga ana duba jaka da but a ƙofar manyan kantuna. In kana da dalilin zuwa can ka tafi da rana, fasfo a jikinka, kuma ya kasance akwai wanda ya san gari da zai tare ka.

Mataki na 7: In abu ya kwaɓe

'Yan sandan baƙi 1155, suna jin Turanci. Motar asibiti 1669. Babban asibitin jami'a na Songklanagarind yana cikin harabar Jami'ar Prince of Songkla a gabashin gari. In ruwa ya fara taruwa a titi kada ka tsaya jiran ganin ƙarshensa, jirgin ƙasa ne yake fara tsayawa sannan hayis, toh tun titi yana biyuwa ka nufi filin jirgi ko boda, in kuma ka makara ka sayi ruwan sha da abinci a shagon 7-Eleven mafi kusa, ka cika wayarka da fawa bank da caji, ka hau sama ka zauna.